Tarin Fukar Da Ba Ya Jin Magani: Gargaɗi Ga Mutanen Batsari Da Safana

Tarin fuka ciwo ne mai warkewa, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati a duk faɗin Nijeriya. Sharaɗinsa ɗaya ne: wata shida cur ana shan ƙwayoyi kullum, ba fashi. Wata biyun farko magunguna huɗu ne a haɗe, wata huɗun da suka biyo baya kuma guda biyu. A wannan sharaɗin ne ake samun matsala, musamman a yankinmu na yammacin Katsina, inda mutum kan kwanta a gidansa a Ruma ko Runka, gari ya waye yana gidan ɗan'uwansa a Batsari, ko Dutsin-Ma, ko cikin birnin Katsina.

Ga yadda abin yake faruwa. A huhun mai tarin fuka akwai ƙwayoyin cuta miliyoyi, kuma a cikinsu akan sami 'yan kaɗan da wani magani ɗaya ba ya kashe su. Shi ya sa ake haɗa huɗu: wadda ta tsere wa wannan, wancan ya kama ta. Idan mutum ya sha na mako shida ya bari, ko ya riƙa sha yau ya tsallake jibi, to raunanan ne kawai suka mutu, masu taurin kan sun sami fili. Duk manomin wake ya san wannan. Wanda ya tsinka maganin feshi da ruwa don ya yi auki, ko ya yi feshi ɗaya ya zauna, ƙwarin da suka rage su ne za su hayayyafa, kuma wannan karon ba sa jin maganin.

Idan cutar ta daina jin isoniyazid da rifamfisin, manyan magunguna biyu da maganin wata shida ya dogara a kansu, likitoci sukan ce tarin ya zama mai bijire wa magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum kusan 400,000 ne suka kamu da irin wannan a duniya, kuma kusan biyu ne kacal cikin kowane biyar suka sami magani. Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, tana cikin ƙasashen da wannan nau'in ya fi yi wa katutu.

Yaudarar ciwon ita ce sauƙin da yake kawowa da wuri. Bayan 'yan makonni tarin ya lafa, zufar dare ta ɗauke, abinci ya fara shiga. Sai ga damina, ga gona tana jira, ga kuɗin mashin zuwa karɓar magani. Sai ka ji mutum yana cewa, "Ai na warke, me zan je yi?" Wani kuwa fitsarinsa ne ya koma ja-ja, kamar ruwan lemo, ya tsorata ya zaci jini ne. Ba jini ba ne, launin rifamfisin ne, har a zufa da hawaye yakan fito, kuma ba ya cutarwa. Wani kuma, maganin ne yake sa masa yunwa alhali gida ba hatsi. Duk waɗannan dalilai ne na gaske, ba na raina su. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ƙwayar cutar take saurare.

Sai kuma babban dalilin da ya keɓanta da mu. Shekarun nan da 'yan bindigar dajin Rugu suka hana ƙauyuka barci, an rufe ƙananan asibitoci da dama, ma'aikata sun janye, mutane sun watse. Wanda ya fito da gudu cikin dare ba ta katin asibiti yake yi ba. Shawarata ga duk mai shan maganin tarin fuka ita ce ya ƙulle katinsa da ƙwayoyinsa a leda ɗaya, ya ajiye su inda yake ajiye kuɗinsa da wayarsa. In ta kama ya bar gari, duk inda ya sauka ya nemi asibitin gwamnati mafi kusa ya nuna katin. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in kula da tarin fuka da kuturta, kuma aikinsa ne ya sada mutum da inda zai ci gaba. Ko katin ya ɓata, a je a faɗi gaskiyar ranar da aka fara da ranar da aka tsaya. Ɓoye wannan shi ne yake sa a maimaita wa mutum maganin da ya riga ya daina yi masa aiki.

Kada kuma a ɗauka sai wanda ya yi wasa da magani ne yake kamuwa. Mai ɗauke da tarin da ya bijire in ya yi tari, abin da zai zuba a iska mai bijirewar ne, kuma matarsa ko ɗansa da bai taɓa shan ƙwaya ɗaya ba shi zai shaƙa. Ta iska ake ɗauka. Ware wa majinyaci kwano da cokali ba ya kare kowa, sai dai ya ƙara masa ƙunci. Abin tsoro shi ne ɗaki guda mai mutum goma, an toshe taga da tsumma saboda hunturu, ko ajin firamare da aka tara 'yan gudun hijira. Masu ƙanjamau, masu ciwon sukari, mashaya taba da yaran da tamowa ta kama su ne cutar ta fi saurin kayarwa.

Gwajin ba wuya. A tofa kaki a ɗan roba, a sa shi a na'urar GeneXpert, cikin kamar awa biyu ta nuna ko akwai tarin fuka, ta kuma nuna ko yana jin rifamfisin. In babu na'urar a kusa, kakin ake aikawa, ba sai majinyaci ya yi tafiyar ba. Mutanen Batsari sun san asibitin Babbar Ruga da ke kan hanyarsu ta shiga Katsina, wanda ya daɗe da suna wajen kula da kuturta da tarin fuka. A Saye ta Zariya kuma akwai cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikatan wannan fanni.

A da, wanda aka samu da tarin da ya bijire sai ya shafe wata 18 zuwa 24 yana magani, da allura kullum ta tsawon watanni, wadda ta kurmantar da mutane da yawa. Yanzu abin ya sauya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin ƙwayoyi huɗu na sha, ba allura, na wata shida: bedakwilin, firetomanid, linezolid da moksifuloksasin. Nijeriya ma ta fara amfani da shi, kuma shi ma kyauta ne. Ba kowa ake ba shi ba, mai ciki da ƙananan yara suna da nasu tsarin. Yana kuma buƙatar sa ido: in ƙafa ta fara dindiris ko zafi kamar ana tsira allura, ko gani ya ragu, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba, a koma wurin ma'aikacin lafiya ranar. Shi zai gyara, kada majinyaci ya yanke wa kansa hukunci. Haka batun azumi: a tambaye shi yadda za a mayar da lokacin sha, ko a ɗauki rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya.

Masu kemis na ƙauyuka, ku ma da ku nake. Tarin da ya wuce mako biyu, ga rama, ga zazzaɓin yamma, ba na kwalbar maganin tari ba ne, kuma sayar da kafso biyar-biyar ga irin wannan mutum ɓata masa lokaci ne da kuɗi. Ku tura shi gwaji, ku ce ya tafi da mutanen ɗakinsa a duba su. Wanda bai san inda zai nufa ba ya kira 3340, layin kyauta ne na shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa.