Gasasshen Ƙwai na Ajiya Don Karin Kumallo: Amfaninsa da Wuraren Taka-tsantsan

Duk gidan da ke da 'yan makaranta ya san yadda safiyar Litinin take. Ga wanka, ga neman safa ɗaya da ta ɓata, ga mai Adaidaita yana ta hon a ƙofar gida, uwargida kuma tana gaban risho tana juya wainar ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Wannan hada-hadar ce ta sa wata dabarar girki da ta yi fice a Amurka da Turai ta samu karɓuwa a kicin ɗinmu: a kaɗa ƙwai da yawa, a haɗa da kayan lambu, a zuba a ƙananan kofuna ko farantin gashin kek mai gurabe, a gasa gaba ɗaya, a ajiye. Kowace safiya sai dai a ɗauko a ɗumama.

Dabarar tana da kyau. Babban ƙwai guda yana ɗauke da kusan giram 6 na furotin, kuma yaron da ya ci biyu da burodi da shayi zai kai lokacin tara ba tare da yunwa ta raba hankalinsa da allo ba. Sai dai waɗanda suka yayata girkin suna zaune ne a ƙasashen da firji ke aiki dare da rana. Rabin aikin gashi ne, ɗaya rabin kuma sanyi ne. Mu da wutar lantarki ke zuwa mana kamar baƙo, dole mu san inda haɗarin yake kafin mu cika firji da ƙwan mako guda.

Daga kasuwa ake farawa

Ƙwayar cutar da aka fi dangantawa da ƙwai ita ce Salmonela. Tana zama a hanjin kaji, ta manne a ɓawo ta hanyar kashi, wani lokacin ma tana shiga cikin ƙwan tun kafin kaza ta saka shi. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta. Lafiyayyen ɓawo shi ne katangar farko da ke tare ta.

Saboda haka fasasshen ƙwan nan da masu gidajen kaji da 'yan kasuwa ke karya wa farashi bai dace da wannan girki ba. Araha ba ta ado. Ƙwan da ɓawonsa ya tsage ya yini a zafin kasuwa ƙofarsa a buɗe, sannan ga shi ana shirin ajiye shi na kwanaki bayan an gasa. A zaɓi mai tsabta, marar tsaga. Kada a wanke ƙwai da ruwa a ajiye, domin akwai wani siririn rufi a bayan ɓawo da ke toshe ƙananan ramukansa, wanki kuma yana cire shi. In akwai datti, a goge da busasshen ƙyalle.

Gwajin kwanon ruwa da iyayenmu ke yi yana da amfani: ƙwan da ya nutse ya kwanta sabo ne, wanda ya taso sama ya tsufa, saboda iska ta taru a cikinsa. Amma gwajin tsufa kawai yake nunawa, ba ya nuna ko akwai cuta. Sannan a riƙa fasa kowane ƙwai a ƙaramin kwano kafin a juye shi cikin sauran, don kada bara-gurbi guda ya ɓata goma.

Yadda ake gasawa

Ƙwai 10 sun isa cika gurabe 12 idan an haɗa da kayan lambu. A yanka albasa, tattasai, attaruhu kaɗan, karas, alayyafo ko lawashi, ko ganyen zogale ga mai so. A soya su sama-sama da ɗan mai har ruwansu ya tsotse. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ya sa nasu ke fitowa da ruwa kwance a ƙasa, kuma abinci mai laima ya fi saurin lalacewa. Tumatir ya fi kowa laifi a nan, don haka a cire 'ya'yansa da ruwansa ko a bar shi gaba ɗaya.

Idan za a sa nama, kaza ko kifi, a dafa shi ya nuna sarai tukuna. Mintunan da ƙwai ke buƙata ba su isa dafa ɗanyen nama ba. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama da su, a wanke da sabulu kafin su taɓa albasa.

A kaɗa ƙwan da gishiri da ɗanɗano, a ƙara madara cokali uku ko huɗu in ana son ya yi laushi. A shafe gurabe da mai sosai, domin ƙwai yana da kamu. A zuba kayan lambun, a bi da ruwan ƙwai har kashi uku cikin huɗu na kowane gurbi, saboda zai kumbura. A gasa a zafin digiri 180 na ma'aunin Salsiyas, minti 20 zuwa 25. In ya fito zai ɗan sace ya koma, wannan ba matsala ba ce.

Wadda ba ta da obin ba a bar ta a baya ba. Kamar yadda ake gasa kek a tukunya da yashi ko duwatsu a ƙasa, haka ake gasa wannan. Ana kuma iya turara shi a gwangwani kamar alala. A dai guji gwangwani mai tsatsa ko mai kaifin baki, kuma a rage wuta don kada ƙasa ta ƙone alhali tsakiya na ɗanye.

Tsakiyar ita ce abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin digiri 70 ne ke kashe kusan dukkan ƙwayoyin cutar da ke cikin abinci, kuma Ma'aikatar Noma ta Amurka ta tsayar da digiri 71 ga girkin da aka yi da ƙwai. Mafi yawan gidajenmu babu ma'aunin zafin abinci, don haka a soka tsinke ko bakin wuƙa a tsakiyar ƙwan da ke gurbin tsakiya. In ya fito da danshin ƙwai, a mayar. Ƙwan da za a ajiye ba a yi masa gashin ruwa-ruwa.

Inda aka fi yin kuskure

Gashi yana kashe cutar da ke cikin ƙwan, amma ba ya hana wata sabuwa sauka bayan an sauke. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma in sun sami abinci mai laima da maiƙo irin ƙwai, wasunsu kan ninka yawansu duk bayan minti 20. A yi lissafi: ƙwaya ɗaya da ta sauka a kan faranti da ƙarfe goma na dare, kafin biyar na asuba tana iya haura miliyan biyu. Kuma farantin zai kasance da kyansa da ƙamshinsa.

Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje. In zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. A Kano, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi ko Damagaram, inda bazara ke kai zafi digiri 40 har da ɗoriya, awa ɗayan ce tamu a mafi yawan watannin shekara. Da an sauke, a fitar da ƙwan daga farantin gashi, a jera a faranti mai faɗi ya sha iska na kamar minti 20 zuwa 30 a rufe da abin da zai tare ƙuda, sannan a sa a roba mai murfi a kai firji.

Hannu ma yana da nasa laifin. Akwai ƙwayar cuta mai suna Sitafilokokus da ke zama a fatar mutum da cikin hanci da kan ƙuraje. In ta hau abinci ta samu lokaci, tana zuba wata guba da ɗumame ba ya karyawa. Wannan ne ya sa wani zai ce, "Ai na ɗumama shi ya yi zafi sosai," amma bayan 'yan sa'o'i amai ya turnuƙe shi. A wanke hannu da sabulu, a yi amfani da cokali wajen ɗauka, mai ciwo a yatsa kuma ya bar wa wani aikin.

A auna da wutar unguwa

A firjin da ke aiki ba yankewa, mai sanyin digiri 4 ko ƙasa da haka, gasasshen ƙwai yana kwana 3 zuwa 4. Ba ya kai mako. Wadda ta gasa ranar Lahadi da dare, zuwa Laraba ko Alhamis ya kamata a ce an cinye. A firiza kuwa, in ya daskare ya zauna a daskare, yana iya wata biyu ko uku kafin ɗanɗanonsa ya fara gushewa.

To, ina firjin da ba a ɗauke wa wuta? Firji a rufe yana riƙe sanyi na kimanin awa 4 bayan an ɗauke wuta. Firiza cike da kaya tana iya kai awa 48, mai rabi kuma awa 24, muddin ba a buɗewa. Yara kuma sun san hanyar ruwan sanyi, kowane buɗewa yana rage waɗannan sa'o'i. Idan wuta ta tafi tun safe ba ta dawo ba sai dare, ƙwan da ke cikin firji ya yini a ɗumi, kuma dawowar wutar ba ta gyara abin da ya riga ya faru. Za ta sanyaya shi ne kawai tare da abin da ya hayayyafa a ciki.

Don haka kowace uwargida ta dubi halin unguwarta. Mai sola ko janareta da ke riƙe firji dare da rana tana iya gasa na kwana uku. Wadda wutarta ke zuwa ta tafi, ta gasa na gobe kaɗai, ta sa a firiza tsakanin ƙanƙara. Wadda ba ta da firji kwata-kwata, kada ta ajiye gasasshen ƙwai ya kwana, ko da a cikin hunturu ne. Ɗanyen ƙwai a ɓawonsa ya fi gasasshe jure zaman ɗaki nesa ba kusa ba. Abin da za ta yi shi ne ta wanke kwanuka da gwangwanaye tun dare, ta tanadi albasa da tattasai, da asuba ta yanka ta kaɗa ta ɗora, ya nuna da kansa tana shirya yara. Masu shirin sahur a watan azumi su ma wannan lissafin ya shafe su, musamman a shekarun da azumi ya faɗo a bazara.

Ɗumame da kular makaranta

Ƙwan da aka daskarar, a sauko da shi cikin firji tun dare ya saki, ko a ɗumama shi kai tsaye. Kada a bar shi a kan tebur ya kwana yana narkewa. A ɗumama a kasko mai murfi da wuta kaɗan, ko a turara, ko a na'urar ɗumame ta lantarki, har tsakiyarsa ta yi tururi. Sau ɗaya ake ɗumamawa. Abin da ya rage bayan nan ba ya komawa firji.

Kular yara kuma tana buƙatar lura. Ƙwan da aka sa da ɗumi-ɗumi ƙarfe bakwai, a roba marar riƙe zafi, ya zauna cikin jaka a aji mai rufin kwano har sha ɗaya, ya riga ya ƙetare ƙa'ida. Ya fi kyau yaro ya ci ƙwansa a gida, a ba shi burodi, ayaba, dabino ko gyaɗa ya tafi da su. In dole ne a tafi da shi, a zuba tafasasshen ruwa a kula mai kyau ta ɗauki zafi, a zubar, sannan a sa ƙwan yana tururi a rufe gam.

Idan ciki ya ɓaci

Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta nuna cewa kimanin mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu, cikinsu har da yara 125,000 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki idan aka gwada da yawan al'ummarta. Yara ƙanana, masu juna biyu, tsofaffi da masu fama da wata jinya su ne cutar ta fi kayarwa.

Salmonela kan nuna kanta tsakanin awa 6 da kwana 6 bayan cin abinci: gudawa, murɗawar ciki, zazzaɓi, wani lokaci da amai. Yawanci tana lafawa cikin kwana 4 zuwa 7, kuma babban haɗarinta shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take, na ƙunshi da ake sayarwa, ko a haɗa a gida: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. A garzaya asibiti idan aka ga jini a bahaya, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana komai zama, ko fitsari ya ɗauke, ko idon yaro ya faɗa ya yi laushi, ko gudawar ta wuce kwana uku. Kada a tsaya sayen kafso a kemis ba tare da ganin likita ba. Yaron da ya ci ƙwai kuma nan da nan jikinsa ya yi borin jini, leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, wannan rashin jituwa ne da ƙwan kansa, asibiti ake nufa ba jira.

A yau ƙwai ya yi tsada, kuma zubar da abinci abu ne da tarbiyyarmu ta hana, shi ya sa hannu ke nauyi wajen jefar da abin da ya yini a firjin da ba wuta. Maganin wannan nauyin yana wurin awo tun farko. Kafin a fasa ƙwai na farko, uwargida ta tambayi kanta awa nawa firjinta ya yi yana aiki jiya da shekaranjiya, ta gasa daidai abin da wannan sanyin zai iya riƙewa. Sauran ƙwan ya zauna a kiret ɗinsa, cikin inuwa, har gobe.