Me ya sa duniya ta koma begen tsohon kiɗan fiyano? Daga Paris zuwa Yamai

A daren 11 ga watan Agustan 2024, wajen bikin rufe gasar Olamfik a filin wasa na Stade de France, mawaƙin Faransa Kavinsky ya kaɗa waƙarsa mai suna Nightcall, wadda ta fito tun 2010. Abin lura shi ne an tsara waƙar da gangan don ta yi kama da kiɗan shekarun 1980. Haka nan Blinding Lights ta The Weeknd, wadda ta fito a ƙarshen 2019, ta yi makonni 90 a jerin manyan waƙoƙi ɗari na Billboard a Amurka, alhali sautinta na zamanin kaset ne. Wannan bege na tsohon sauti bai tsaya a Turai da Amurka ba, domin shi ne ya sa aka tono wani kaset da aka naɗa a Yamai a 1978, har ya zagaya duniya.

Wace na'ura ce wannan?

Abin da muke kira fiyano a kasuwa da gidan biki, dangi ne na na'urar haɗa sauti da masu Faransanci ke kira synthétiseur. Goge yana da tsirkiya, kalangu yana da fata, algaita tana buƙatar numfashi. Ita kuwa wannan na'ura wutar lantarki take sarrafawa ta mayar da ita sauti. Sashe na farko a cikinta yana haifar da kaɗawar lantarki, wadda saurinta ke sa sauti ya yi sama ko ya yi ƙasa. Sashe na biyu kamar rariya yake: yana tace sautin, ya rage masa kaifi ko ya bar shi da tsini. Na uku shi ke tsara yadda sautin zai taso da yadda zai mutu, ko ya faɗo farat ɗaya kamar bugun ganga, ko ya ja kamar busa.

Ba'amurke Robert Moog ya fito da tasa a 1964. Ƙatuwa ce, cike da wayoyi, sai jami'o'i da manyan ɗakunan naɗar sauti ke iya sayenta. A 1968 faifan Switched-On Bach na Wendy Carlos ya nuna wa jama'a cewa za a iya kaɗa waƙa sosai da ita. A 1970 aka yi ƙaramarta, Minimoog, wadda mutum zai iya ɗauka ya hau dandali da ita, ko da yake sauti ɗaya kawai take fitarwa a lokaci guda. Daga nan ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus ta saki Autobahn a 1974, Jean-Michel Jarre kuma ya naɗi Oxygène a gidansa da ke Paris a 1976. Ranar 14 ga Yulin 1979 mutane kimanin miliyan ɗaya suka taru a dandalin Concorde domin sauraronsa.

Kamfanonin Japan ne suka kai sautin ko'ina. Yamaha DX7 ta 1983 ta yi amfani da lissafin kwamfuta maimakon tsoffin wayoyi, aka sayar da fiye da guda dubu 150, kuma ƙararta mai kama da ƙararrawa ta cika waƙoƙin soyayya na wancan zamani. Roland TR-808, na'urar buga ganga ta 1980, ita kam ba ta yi kasuwa ba da farko, saboda makaɗa sun ce ba ta yi kama da ganga ta gaske ba. Guda dubu 12 ko ƙasa da haka aka ƙera kafin a daina a 1983. Da ta yi arha a hannun ƴan gwanjo, sai matasan unguwannin talakawa a Amurka suka saye ta suka gina kiɗan hip-hop a kanta. Wannan bugu mai nauyi da ke girgiza ƙirji a waƙoƙin yau, asalinsa ke nan.

Abin da ake bege

Dalili na farko a fili yake. Yaran da suka tashi da finafinai da wasannin bidiyo na shekarun 1980 yanzu su ne masu shirya finafinai da tallace-tallace. Fim ɗin Drive na 2011, wanda ya buɗe da waƙar Kavinsky, da shirin Stranger Things na Netflix da ya fara a 2016, sun mayar da wannan sauti abin yayi. Har zanen bangon faifai ya bi sahu: rana tana faɗuwa cikin launin shunayya da ruwan hoda, mota tana gudu da dare, fitilu suna ƙyalli. Sunan da aka raɗa wa salon shi ne synthwave.

Dalili na biyu ya fi jan hankali, tun da yawancin masu sauraron yau ba a ma haife su ba a lokacin. Tsoffin na'urorin suna da aibu. Idan suka ɗauki zafi sai sautin ya ɗan karkace, kaset kuma yana ƙara nasa shuu da ɗan rawar murya. Kwamfutar yau tana gyara komai har ya zama sumul, kuma kunne yakan gaji da abin da ba shi da tabo ko kaɗan. Shi ya sa masu haɗa kiɗa suke sayen manhajojin da aikinsu kawai shi ne su dawo da wancan karkacewa da shuu ɗin kaset. Kamfanoni ma sun gane: Korg ta sake ƙera MS-20 a 2013, Moog ta dawo da Minimoog a 2016.

Rabon Afirka a cikin labarin

Da masu tara tsoffin faifai suka ƙare da na Turai, sai suka juyo nan. A 2012 kamfanin Born Bad na Paris ya tattara ayyukan Francis Bebey, ɗan Duwala a Kamaru, wanda ya bar aikinsa a UNESCO ya riƙa naɗar kiɗan lantarki a gidansa. A 2013 kamfanin Luaka Bop na birnin New York ya fitar da waƙoƙin William Onyeabor, wanda ya yi faifai a Inugu tsakanin 1977 da 1985 a ɗakin naɗar sauti nasa na kansa. Ya rasu a 2017, bayan ya ga sunansa ya dawo.

Na Nijar shi ne Mamman Sani Abdoulaye. Malamin makaranta ne da ya yi aiki da UNESCO, kuma ta wannan hanya ya sayi wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya, mai suna Orla, daga hannun wani abokin aiki ɗan Ruwanda. Da shi ya riƙa kaɗa karin waƙoƙin gargajiyar ƙasar da nasa na kansa, a hankali, ba murya, ƙaramar gangar na'urar tana tafiya a ƙasa. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa, kwafi kaɗan aka buga. Amma shekara da shekaru rediyo da talabijin suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, ta yadda ɗimbin ƴan Nijar sun san karin ba tare da sun san mai shi ba. Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds da ke Portland a Amurka, ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiyar kiɗa a Yamai, ya nemi Mamman Sani, suka fitar da shi a faifan garmaho a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. Bayan haka aka gayyace shi wasa a Turai.

A bayansa akwai Hama, shi ma ɗan Yamai, wanda kiɗansa na ƙaramar Yamaha ya yaɗu ta katin waya kafin Sahel Sounds ta fitar da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. A Kano kuwa, fiyanon Yamaha samfurin PSR shi ne ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa tun shekarun 1990, kuma wannan kamfani ya tattara wasu daga ciki a faifan Harafin So a 2013.

Ba kowa ne ke murna da wannan tarihi ba, kuma masu ƙorafi suna da hujja. Mutum ɗaya da fiyano yana cin kuɗin bikin da a da zai ciyar da mai kalangu da mai goge da ƴan amshi. Na'urar kuma an saita ta ne a kan ma'aunin sautin Turawa, don haka akwai lanƙwasar da goge ke yi wadda ba ta iyawa. Sai dai duk wanda ya saurari Mamman Sani zai ji cewa hannun ɗan ƙasa ne a kan na'urar baƙi, kuma shekara arba'in da ɗoriya sun isa a ce wannan sauti ya shiga cikin abin da za mu gadar wa na baya.

Kafin kaset ya mutu

Matsalar ita ce kaset ba ya jira. Zafi da ƙura da laima suna cin zarensa, kuma rediyon da zai kaɗa shi yana ƙara wuya a kasuwa. Na Mamman Sani ya tsira ne don wani ya ajiye kwafi ɗaya a kan kanta. Nawa ne irinsa ke cikin kwalaye a Damagaram da Maraɗi da Tawa da Agadas, a gidajen rediyo, da shagunan tsoffin masu naɗar kaset, da akwatunan iyayenmu?

Wanda ke da su, ya raba su da rana da jikin lasifika, domin maganaɗisun da ke cikinta yana goge sauti. A jera su a tsaye a wuri mai sanyi. Wanda ya samu rediyon kaset mai aiki, da waya ɗaya zai haɗa shi da kwamfuta ya kwafe. Ya rubuta sunan makaɗin da garin da shekarar tun masu sani suna raye, don kiɗan da ba suna kowa na iya cewa nasa ne. Makaɗa da magadansu kuma su yi rajistar ayyukansu a ofishin kare haƙƙin mawallafa, wato BNDA a Nijar, kafin wani ya zo da takardar yarjejeniya. Gidajen rediyo da cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya da ke Yamai su ne suka fi cancanta su jagoranci wannan aiki. Masu saye suna nan a Paris da Balin da Tokyo, kuma sun riga sun nuna cewa za su biya. Abin da ya rage shi ne idan sun zo su tarar da kayan a hannun masu shi.