Yadda Ake Yanke Farashin Aikin Kafinta Na Ƙarshen Gini

Legas — Daga cikin ayyukan da suka fi haddasa saɓani tsakanin masu gidaje da masu sana'a a harkar gine-gine, akwai aikin kafinta na ƙarshe, wato wanda ake yi bayan an gama rufi da filasta. Aikin ya ƙunshi kafa firam da rataya ƙofofi, saka silin, haɗa kabad na ɗakin girki da na tufafi, da kuma katakon da ake bin gindin bango da shi. Mai gida yakan dubi ɗan katakon da ya shiga aikin ya ga an tsawwala masa, shi kuwa kafinta yakan kammala ya tarar ya ci har uwar kuɗinsa. Tushen matsalar shi ne yanke farashi da ido, ba tare da lissafi ba.

Katakon rufi yana ɓoye ne a ƙarƙashin kwano, saboda haka kuskuren rabin inci ba ya damun kowa. Aikin ƙarshe kuwa a idon jama'a yake. Ratar da ake bari tsakanin ƙofa da firam ɗinta ba ta wuce milimita 2 zuwa 3. In ta gaza haka ƙofa ta cije, in ta wuce iska da sauro su sami hanya. Don haka mafi yawan abin da ake biya a irin wannan aiki ladan lokaci ne da ƙwarewa.

Sassa huɗu na farashi

Sashe na farko shi ne kayan aiki: katako, filawud, ƙusa, gam, hinji, makulli, samfefa da fenti. Shi filawud ana sayar da shi ne falle-falle, ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Kabad ɗin da ke buƙatar falle biyu da rabi, falle uku za a saya. Shi ya sa ake ƙara kimanin kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin kaya saboda guntaye da ɓarnar yanka. Har ila yau, wajibi ne a ambaci irin katakon da sunansa, domin iroko da maɗaci sun fi obeche tauri da tsada nesa ba kusa ba, kuma obeche ba ya jure gara sai an yi masa magani.

Na biyu shi ne ladan aiki. Ko da jinga aka yi, ya kamata kafinta ya fara ƙiyasta kwanakin da aikin zai ci shi da yaransa, sannan ya ninka da ladan yini. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka zartar a watan Yuli na 2024 yana kamawa kimanin Naira 2,700 a yini idan aka raba shi da kwanaki 26. Wannan ma'auni ne na ƙasa ƙwarai, domin kafinta mai zaman kansa ba kullum yake samun aiki ba, kuma shi ke sayen kayan sana'arsa.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne kuɗin gudanarwa: dakon kaya daga kasuwar katako, ko Mushin ce a Legas, ko Dei-Dei a Abuja, ko Na'ibawa a Kano, da man janareta, da hayar shago, da wasa zarto da gyaran injin. Na huɗu kuma riba, wadda ita ce ke ɗaukar asara idan aka yanka falle ba daidai ba.

Ga misali domin a fahimta. A ɗauka kayan aiki sun ci Naira 100,000, an ƙara 10,000 ta ɓarna. Kafinta da yaronsa za su yi kwana uku a kan 14,000 kullum, wato 42,000. Kuɗin gudanarwa kuma 18,000. Jimla ta zama Naira 170,000. Idan ya ɗora kashi 20 cikin ɗari a kai, farashi ya zama 204,000, ribarsa 34,000, wadda ba ta kai kashi 17 cikin ɗari na kuɗin da ya karɓa ba. In yana son ribar ta zama kashi 20 na farashi sosai, sai ya raba 170,000 da 0.8, ya sami 212,500. Masu sana'a da yawa suna asara a daidai wannan gaɓa ba tare da sun lura ba.

Ɗanyen katako da hauhawar farashi

Abubuwa biyu ne kan rushe lissafin da aka yi da kyau. Na farko ɗanyen katako. Galibin katakon da ake aiki da shi a Arewa daga dazuzzukan Kudu yake zuwa, inda iska ke da laima. Ƙofar da aka haɗa da shi tun bai bushe ba, da zarar hunturu ya kama sai ta tsuke, ta tsage ko ta karkace. Wadda aka yi wa awo cif-cif da rani kuma takan kumbura da damina. Busasshen katako ya fi tsada, amma dawowa gyara ya fi shi, kuma an ce araha ba ta ado.

Na biyu shi ne tashin farashi. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni na wannan shekara, kuɗin dako da na kayan da ake shigowa da su, kamar makullai da hinji, sun yi tashin gwauron zabo. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Darasin da ke ciki shi ne a sa wa kowane ƙiyasi wa'adi, kamar mako biyu, kuma kafin alƙalami ya isa sayen kaya gaba ɗaya a ranar da aka karɓe shi.

Ƙaramin aiki: ƙofar kyanwa

Babu aikin da ke nuna gaskiyar wannan lissafi kamar ƙaramar ƙofar da ake huda wa kyanwa ko kare a jikin babbar ƙofa. A Turai da Amurka ana sayar da ita a haɗe, da marfi mai lilo. A nan gida tana da amfani ga mai kiwon kyanwa saboda ɓera, a gida ko a siton hatsi, wanda ba ya son barin ƙofa a buɗe.

Kafar kyanwa ba ta wuce kimanin santimita 15 a faɗi da tsawo, kuma ana sa gindinta daidai da tsayin cikin dabbar daga ƙasa. Ta kare kuwa ana awonta ne da faɗin ƙirjinsa da tsayin kafaɗarsa. Katakon da za a kashe kaɗan ne, amma sai an sauke ƙofa, an zana, an huda kusurwoyi huɗu, an yanka, an goge, sannan a mayar. Dole a bar aƙalla santimita 8 daga gindin ƙofar don kada ta raunana. Idan ƙofar filawud ce mai rami a ciki, sai an cusa katako a kewayen kafar, in ba haka ba ƙusa ba za ta kama ba. Ƙofar ƙarfe aikin mai walda ce. Bugu da ƙari, a nisanta kafar daga makulli don kada a zura hannu, a kuma sa mata marfin da ake kullewa da dare saboda maciji da ɓera.

Kuskure ɗaya a nan yana iya ɓata ƙofa sukutum, kuma zuwa da dawowa sun cinye rabin yini. Saboda haka ya dace kafinta ya tsayar da mafi ƙarancin kuɗin da zai fita aiki a kansa, ko kuma mai gida ya tara ƙananan gyare-gyare a yi su rana ɗaya.

Daga ƙarshe, ko babban aiki ne ko ƙarami, a rubuta shi a takarda: irin katako, awo, wanda zai sayi kaya, ranar gamawa, da kason da mai gida zai riƙe har sai ya duba aiki. Duk abin da aka ƙara daga baya, a yanke masa nasa farashi kafin a taɓa zarto.