Tsare Gida Daga Masu Zambar Takarda

Ɓarawon da, katanga yakan haura ya kwashe abin da ke cikin ɗaki. Na wannan zamani kuwa gidan yakan ɗauke ɗungum da alƙalami, mai shi yana fatauci a Kurmi, ko yana Makka wajen aikin Hajji.

Hanyoyin zambar nan sanannu ne. Wani yakan sayar da fili guda ga mutum biyu, ko wanne ya ba shi takarda. Wani yakan ƙaga takardar wakilci, ya ce mai gida ya sa shi ya sayar. Wani yakan yi rantsuwar ƙarya a kotu cewa takardar gida ta ɓata, don a ba shi wata. Mafi yawan rigima kuwa a gidan gado take, inda ɗaya daga cikin magada zai sayar a ɓoye tun ba a yi rabo ba, marayu da mata su wayi gari ba su da makwanci.

To, a sani, tun shekarar 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta sa ƙasar ko wace jiha amana a hannun Gwamna. Shi ke ba da takardar mallaka a birni, galibi ta shekara 99, kuma ba a sayar da irin wannan gida ko jinginar da shi sai da yardarsa. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da ke tsakanin bankin Savannah da Ajilo, domin ba a nemi wannan yarda ba. Watau takardar da ke cikin adaka ba ta isa hujja ita kaɗai, sai ta dace da abin da ke rubuce a ofishin ƙasa, kamar KANGIS a Kano, da KADGIS a Kaduna, da AGIS a Abuja.

Saboda haka mai saye kada ya biya ko kwabo sai ya je ofishin an buɗe masa fayil, ya ga sunan mai sayarwa, ya tabbata babu jingina a kai. Sa'an nan ya tambayi mai unguwa da maƙwabta, a rubuta ciniki gaban shaidu adilai. Malamai sun san ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, rubuta bashi da kafa shaidu ta yi umurni da su.

Mai gida kuwa kada ya bar wa dillali takardar asali, ko da amininsa ne, ya ba shi kwafi. Attajiri mai yawan tafiya ya bar amintacce yana zagaya gidan. Magada su gaggauta rabo gaban alƙali, su mai da sunan mamaci zuwa nasu, domin takardar da ta daɗe da sunan matacce ita mazambata suka fi nema. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare wa kowa halalinsa, amin. Haza wassalam.