Taki Ya Ƙone Shukarka Ta Cikin Tukunya? Ga Yadda Za Ka Cece Ta

A Ambursa da ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, mutane da yawa suna rainon mangwaro, gwaba da zogale a cikin baƙar leda ko tsohuwar tukunya, don su dasa in damina ta zauna. Wasu matan ma suna da barkono da tumatir a tsofaffin robobi a tsakar gida. To, amma sau da yawa abin da ke kashe irin wannan shuka ba ƙishirwa ba ne. Yawan taki ne.

Manomin da ya saba watsa taki a fadamar gulbin Rima yakan yi wa tukunya irin wannan hannu. Nan ne kuskuren. A fadama ƙasa tana da faɗi, ruwa kuma yana wanke ta. A tukunya kuwa ƙasar ba ta wuce mudu biyu ko uku ba, takin ba shi da wurin zuwa.

Takin zamani dangin gishiri ne. Yanka albasa ka barbaɗa mata gishiri, ka ga yadda ruwa zai fito. Haka taki yake yi wa saiwa in ya yi yawa. Yuriya ta fi kamfa ƙarfi: cikin kilo 100 nata, kilo 46 sinadarin sa ganye kore ne, kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo 15 ne. Ɗanyen kashin kaji shi ma yana ƙuna.

Alamar ita ce bakin ganye ya bushe kamar an babbake shi. Shukar ta yi yaushi alhali ƙasarta a jiƙe take. Wani lokaci ka ga farin abu kamar kanwa a saman ƙasar.

In ka ga haka, kada ka jira gobe. Kwashe ƙwayoyin takin da farar ƙasar saman. Duba gindin tukunyar, in babu huda ka huda ta, domin in ruwa ba ya fita aikin banza za ka yi. Sai ka zuba ruwa a hankali har ya riƙa zuba ta ƙasa. Bari ya tsane, ka sake. Yi haka sau uku ko huɗu. Daga nan ka kai ta inuwa, musamman a watan Maris da Afrilu da zafi kan wuce awo 40. In ƙunar ta yi tsanani, sauya mata sabuwar ƙasa, ka yanke saiwar da ta yi baƙi.

Ganyen da ya ƙone ba zai dawo ba. Sabon toho za ka sa wa ido. Kada ka sake ba ta taki sai bayan wata guda.

In lokacin ya yi, narkar da kamfa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a bokitin ruwa mai lita 10. Fara ba shukar ruwa zalla, sannan ka zuba na takin, sau ɗaya a mako biyu. Mu dai a ganinmu, kashin awaki da ya ruɓe sosai ya fi zama lafiya ga tukunya, ga shi ba sai ka saya ba. Wanda yake rainon dashe da yawa, ya nemi malamin gona na KARDA ya duba masa ma'auninsa.