Masu amsa kiran 112: Me ke jiransu ranar ritaya?

Duk wanda ya danna 112 a Abuja cikin dare, saboda gobara ko haɗarin mota a hanyar Kubwa, muryar ma'aikacin cibiyar kiran gaggawa zai fara ji. Shi ke kwantar da hankalin mai kira, ya gano inda yake, ya sanar da 'yan kwana-kwana, jami'an kiyaye haɗurra ko 'yan sanda. Hukumar sadarwa ta NCC ce ta kafa cibiyoyin a jihohi.

Dukkansu aikin ceton rai suke yi, amma makomarsu bayan ajiye aiki ta sha bamban. Dokar fansho ta 2004 ta kawo tsarin adashen gata. Gyaran 2014 ya wajabta cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10. An fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin tun 2011. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana na tarayya kuwa aka bar su ciki, abin da ya sa tsofaffin 'yan sanda suka sha zanga-zanga a ƙofar Majalisar Tarayya, suna kukan abin da ake ba su duk wata bai kai ya kawo ba.

Mai amsa waya da kamfanin kwangila ya ɗauka ya fi kowa zama a tsaka mai wuya. Ƙa'idar shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa ba ta shafe shi ba, kuma kwangilar na iya ƙarewa kafin asusunsa ya yi nauyi.

Duk da haka doka ba ta mance da shi ba. Kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama dole ne ya zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, ya kuma yi wa ma'aikaci inshorar rai da ta ninka albashinsa na shekara sau uku. Wanda ya rasa aiki kafin cika shekara 50 na iya cirar rubu'in ajiyarsa bayan wata huɗu.

Da sanyin safiya ake kama fara: ma'aikacin da ya ga giɓi a bayanin asusunsa, ofishin PenCom ne wurin kai ƙara, tun yana bakin aiki.