Kafson Kurajen Fuska Da Ranar Bazara

Yau hirar tamu a kan kurajen fuska ne, abin nan da ke hana budurwa sakat a gaban madubi. To amma ba kurajen ne suka fi damuna ba, maganin da ake sha dominsu ne.

Da yawanmu mun san kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa, wato tetarasaikilin, da ɗan uwansa dokisaikilin wanda ya shigo kasuwa tun 1967. Likitocin fata na ba da su don kuraje masu kumburi da mugunya, kuma suna aiki. Sai dai dokisaikilin yana da wani hali: idan ya bi jini ya isa fata, hasken rana ya sauka a kansa, sai ya koma yana ƙona fatar. Cikin 'yan sa'o'i za ki ji fuska na raɗaɗi kamar an shafa barkono, haka bayan hannu da saman ƙafa, duk inda hijabi da zane ba su rufe ba. Wata ma farcenta ke ɗagowa.

To ki duba irin ranar da ake kwallawa a Dogon Daji da Tambuwal har zuwa Kebbe daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato. Wata 'yar ɗakinmu a Dogon Daji, saura wata guda bikinta, ta sayi kafson a wani kemis ba tare da ganin likita ba. Tana sha tana fita shanyar gero da tsakar rana. Kwana biyar goshi da kumatu suka sale, suka bar baƙin tabo. Nan take dangi suka ce sammu ne, har an fara nuna uwargidan da za ta tarar. Allah Ya sa wata malamar asibiti ta tambayi abin da take sha, da zumunci ya ɓaci a banza.

Mu baƙaƙen fata jan ƙunar ba ya fitowa sosai, shi ya sa ba a ganewa da wuri. Sai tabo ya zauna, shi kuwa yakan yi watanni kafin ya washe. A nan ne wasu ke rugawa ga man bilicin, wallahi kuwa ƙara lalata fatar yake yi.

Ba dokisaikilin kaɗai ba ne. Sifirofulokzasin da ake sha don taifod, da firokzikam na ciwon jiki, su ma sukan yi haka ga wasu.

Ni dai ba na ce a guji magani ba. In likita ya rubuta miki, tambaye shi batun rana. Ki rage fita daga ƙarfe 10 zuwa 4, ki riƙe lema, ki shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama. Kada hazon hunturu ya ruɗe ki, hasken na ratsa shi. Mai juna biyu kuwa kada ta kusanci waɗannan kafso, suna ɓata haƙoran jariri.

In kin ji raɗaɗin ya fara, shiga inuwa, ki ɗora tsumma mai ruwan sanyi, ki koma wurin likita da kwalin maganin a hannu. In abin ya ci tura, akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.